Hurumin Mai Ban Dariya, Daga Ɗan Kama Zuwa Ibro

Da labarin rasuwar ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa Ibro ya bazu a watan Disamba na 2014, jimamin bai tsaya a Kano ba. Har a Tsibiri da Maradun da Bakura da Talata Mafara, mutanen da galibinsu ba su taɓa ganinsa ido da ido ba sun ji abin kamar an yi rashin ɗan unguwa. Ya rasu yana dab da cika shekara 43, aka kai shi makwancinsa a ƙauyensu Ɗanlasan. Shekara shida kafin nan, kotu ta aika da shi gidan yari saboda sana'ar nan da ta sa ake ƙaunarsa. Ƙauna daga talakawa da ɗauri daga hukuma sun haɗu a kan mutum guda, kuma haɗuwar tasu tana faɗa mana wani abu game da mu kanmu. Ban dariya a ƙasar Hausa tsohuwar sana'a ce mai hurumi. Al'umma ta yarje wa mai yin ta ya faɗi abin da wani ba zai iya faɗa ba, ita kuma ta riƙe linzaminsa a hannunta. Hurumin da linzamin a wuri guda suke zaune, wato a filin da mai wasa da 'yan kallo da wanda ake yi wa ba'a suke haɗuwa. Da filin ya watse sai muka rasa su tare, kuma a zamanin Ibro ne wannan rashi ya fito fili.

Ɗan kama shi ne uban sana'ar. Duk wanda ya yi wayo kafin kaset ya shigo ƙauye ya san shi. Yakan ɓullo ranar kasuwa ko wurin biki, sanye da tufafin da ganinsu kaɗai ya isa a fara murmushi, ya nemi inda jama'a suka fi cika ya tsaya. Jarinsa kunnensa ne da bakinsa. Zai ɗauki karin waƙar da kowa ya sani, wadda wani babban makaɗi ya yi wa sarki, ya bar kiɗan yadda yake, ya kwaikwayi muryar har da inda makaɗin ke jan numfashi da inda 'yan amshi ke karɓa, sannan ya cire sarki ya sa malmalar tuwo a gurbinsa. Kirarin da aka yi wa mai dawaki da barade ya koma kan tuwon dawa da miyar kuka, maƙiyan sarki su zama masu sa hannu a akushi ba a gayyace su ba, yaƙin da ake ba da labari ya zama kokawa da ƙashi mai ɓargo. Kafin a gama dariya ya juya ya zama malami, ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ja wani abu mai kama da Larabci, ya fassara shi da hukuncin wanda ya riga jama'a tsame nama. Wani Bature mai nazarin Hausa, C. G. B. Gidley, ya ga abin ya isa a rubuta, ya fitar da nazari a kan 'yankamanci a 1967. Mai kallo da sauri zai ce kwaɗayi ne kawai aka mayar abin wasa, amma zaɓen abinci yana da dalili. A ƙasar da kowa ya san watan da rumbu kan ƙare kafin sabon gero ya nuna, ɗan kama yana tuna wa jama'a cewa a ƙarƙashin alkyabba da babbar riga ciki ne irin na kowa. Ba ya kiran sunan sarki ko na malami, kuma ba ya buƙatar ya kira. Girman da aka ɗora wa mutum yake saukewa na ɗan lokaci, talaka ya yi dariya, ya koma gida da sauƙin zuciya, gobe kuma ya gai da sarkin nan da ladabi kamar yadda ya saba.

Ba shi kaɗai ke cikin wannan hurumi ba. 'Yan gambara suna bin kasuwanni suna jefa wa juna magana mai zafi, wani lokaci har da batsa. Wawan sarki yana faɗa wa ubangidansa a gaban fadawa abin da waziri ba zai furta ba. A wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari sukan naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan sandansu, su kwaikwayi masu mulki a bainar jama'a. Tashen watan azumi ya ba yara damar taɓa gwauro da marowaci da malalaci. Sai wasan taubasai da na jika da kaka, da na ƙabilu kamar Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ko Kanawa da Zazzagawa. Mu mutanen Zamfara muna da babbar shaida a gida. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, ya tashi a gidan kiɗan fadar Maradun, ya rasu a 1991, makaɗin sarauta ne, ba ɗan kama ba. Duk da haka wanda ya saurari waƙoƙinsa ya san rabin daɗinsu a zambo yake. Yakan siffanta ɗan sarkin da ke haƙon sarauta ko bafaden da ke cin amana, ya zana tafiyarsa da rowarsa da yadda rawani ke zama a kansa, har masu sauraro su riƙe ciki, sunan kuwa ba zai fito ba. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, fada ma ta sani, wanda ake nufi ma ya sani, kuma yana zaune a wurin.

Zamansa a wurin shi ne ginshiƙin abin. Wanda aka taɓa yana da zaɓi biyu, ya yi dariya tare da mutane ya miƙa kyauta, ko ya fusata ya tabbatar wa kowa cewa da shi ake, tun da mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Babban mutumin da ya sa aka doki wawa ko ɗan kama, kansa ya zubar wa daraja. Daga nan hurumin ya samo ƙarfinsa. Mai wasan kuma ya biya kuɗin hurumin da matsayinsa, domin a jerin maroƙa ake lissafa shi, ba a neman shawararsa a zaman dattawa, kuma gidaje da yawa ba za su ba shi 'yarsu ba. Wannan ƙasƙanci ba abin yabo ba ne, amma shi ya sa maganarsa ba ta zama barazana ga kujerar kowa. Linzamin shi ma a filin yake. Abincin ɗan kama yana hannun mutanen da ke tsaye a gabansa a wannan sa'a. In ya wuce gona da iri, ya taɓa uwar wani, ko ya yi wasa da ciwon da ake jinya, zai ga fuskoki sun sauya, da'irar ta fara raguwa, wani dattijo ya ce masa kai, ya isa haka. Ba ya buƙatar hukuma ta gaya masa ya yi kuskure, aljihunsa zai gaya masa kafin la'asar. Ga kuma iyakar lokaci. Tashe yana ƙarewa da azumi, kalankuwa tana da kwanakinta, kasuwar Talata Mafara tana watsewa da faɗuwar rana, maganar da aka yi a cikinta ta tafi da iska sai abin da mutane suka ga damar riƙewa.

Rediyo da talabijin su suka fara raba mai wasa da 'yan kallonsa, amma sun kawo nasu linzamin. Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne kuma ma'aikacin gidan rediyon Kaduna. Ya yi shekaru yana kwaikwayon rayuwar bariki da gurɓatacciyar Hausar soja, yana nuna samanja mai tsawa a fareti wanda ba ya iya tsawata wa gidansa, kuma ya yi wannan a gidan talabijin na gwamnati a lokacin da sojoji ke mulkin ƙasa. Ya rasu a watan Nuwamba na 2023 da mutuncinsa. Abin da ya kare shi, shi ɗan gida ne a barikin da yake yi wa ba'a, kuma akwai shugabannin tasha da ke duba shiri kafin ya fita. Hurumi ya ragu, amma bai ɓace ba.

Ibro ya fito a wani zamani dabam. An haife shi a 1971, ya yi karatu a Ɗanlasan da Wudil, ya shiga aikin gandiroba a 1991, ya yi shekara takwas yana tsaron fursunoni kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasa gaba ɗaya. A daidai lokacin ne sana'ar finafinan bidiyo ta Kano, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, take neman tsayawa da ƙafarta. Galibin finafinan na soyayya ne, na samari masu motoci da 'yan mata masu rawa a lambu, abin da ɗan ƙauye ke kallo kamar labarin wata duniya. Ibro ya shigo da doguwar jar hularsa da idanunsa masu zarewa, ya fito a matsayin mutumin da ɗan ƙauyen ya sani: mai wayon da ba ya kai shi ko'ina, mai bashi a wuya, mai cika baki a gaban mata, matsoraci in an zare sanda, wanda kullum yunwa ke bin sa. Sunansa ya zama jari har ana liƙa shi a gaban sunan fim don ya sayu. In aka duba abin da ya riƙa yi da kyau, 'yankamanci ne tsantsa aka ɗauka a kyamara. A Ibro Awilo ya ɗauki salon Awilo Longomba, mawaƙin Kwango da ya cika gidajen biki a lokacin, ya zuba masa Hausa. Ya yi wa waƙoƙin Indiya haka. Da duniya ta rikice bayan harin 11 ga Satumba 2001, ya fito a Ibro Usama, daga baya kuma a Ibro Saddam, ya ɗauki mutanen da manyan ƙasashe ke yaƙi a kansu ya sa musu ciki da tsoro da ƙaramin wayo irin na kowa. Abin da ɗan kama ke yi wa waƙar sarki shi Ibro ya yi wa labaran duniya.

A garuruwan da ke kewaye da madatsar Bakolori, mafi yawan mutane a gidan kallo suka san shi. Rumfa ce ta zana ko ta kwano, da bencina a jere, da talabijin guda a kan tebur, janareta na ruri a baya, yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Manomin da ya wuni a fadamar shinkafa, da ɗan acaɓa, da almajirin da ya tara 'yan canjinsa, duk suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Ibro na leƙowa, tun bai buɗe baki ba, rumfar ta ɗauka. Washegari maganganunsa sun shiga bakin yara a hanyar rafi da na mata a wurin daka. Babu ɗan kaman da ya taɓa samun jama'a irin wannan, daga Kano har Maraɗi da Agadas da zangon Kumasi. Sai dai akwai abin da ya ɓace a rumfar, kuma ba a lura da shi ba saboda ƙarar dariya. Ibro ba ya ganin waɗanda ke kallonsa. Ba zai ga fuskar da ta ɓaci ba balle ya sauya hanya, babu dattijon da zai ce masa ya isa, kuma wanda aka taɓa ba ya cikin da'irar balle kunya ta hana shi fushi. Maganar da a da take tafiya da iskar yamma, yanzu tana kan faifai, ana iya maimaita ta sau ɗari, ana iya ɗaukar ta a kai gaban alƙali.

Haka kuwa aka yi. Tun a kan Ibro Usama wasu malamai suka yi masa ca. Bayan wani rikici da ya girgiza masana'antar fim a 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kan Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, aka shiga kame da ɗauri. A watan Oktoba na 2008 kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da hukumar ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. A takarda, laifin ya shafi rajistar kamfani da rawar da aka ce ta saɓa wa tarbiyya. A bakin mutanen gari kuwa, da yawa sun ɗauka cewa waƙar Mamar da ke cikin fim ɗin ce ta jawo, domin an fassara ta da shaguɓe ga irin yadin da gwamna ke yawan sawa. Ko wanne ne gaskiya, tsohon gandiroba ya kwana a ɗakin da ya saba kullewa, kuma darasin da masu sana'ar suka ɗauka shi ne babu sauran wata al'ada da za ta tsaya tsakanin mai ban dariya da fushin mai iko. Fadar da ta san zambo ta san yadda ake haɗiye shi. Ofishin gwamnati bai gaji wannan ilimi ba, abin da ya gada shi ne takardar sammaci.

Akwai masu cewa wannan duk kuka ne a kan abin da bai cancanci kuka ba, kuma hujjarsu ta addini ce. Ba hujjar da za a yi wa riƙon wasa ba ce, balle a ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana wa'azi a Faru, kuma a Zamfara, jihar da ta riga kowace ƙaddamar da Shari'a a 1999 a ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura. Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, hadisi kuma ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya. Batsar 'yan gambara ba ta da mai kare ta a nan, haka wasu raye-rayen da aka cusa a finafinan barkwanci don a sayar da faifai. Amma waɗannan nassoshi ma'auni suka ba mu, ba su share raha daga rayuwar Musulmi ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi raha ba tare da ya faɗi ƙarya ba, kuma a cikin sahabbansa akwai Nu'aimanu, wanda aka sani da barkwanci. In kuwa za a yi aiki da ma'aunin da gaske, to wanda ya fi cancantar kariya shi ne makaho da gurgu da mai in'ina da bazawara, waɗanda ake mayarwa abin dariya kullum ba tare da kowa ya kai ƙara ba. Abin da ya fi kai mai barkwanci gaban kotu shi ne taɓa mai mulki. A watan Nuwamba na 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu wasa a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan Gwamna Abdullahi Ganduje. Duk wanda ya ce tarbiyya ake karewa, sai ya bayyana mana dalilin da ya sa bulalar ta fi saurin tashi in babba aka taɓa.

Suka ta biyu ta fi wannan nauyi a wurina, domin daga cikin sana'ar ta fito. Masu ita suna cewa ana ƙawata tarihi ne kawai, mai ban dariya bai taɓa zama jarumin gaskiya ba, maroƙi ne mai bin inda kuɗi yake, kuma mafi yawan dariyarsa a kan raunana take. Suna nuna yadda finafinan Ibro da na abokan aikinsa suka riƙa fito da Bagwari da Bafulatani da Bayarabe, ana kwaikwayon harshensu, ana nuna su a matsayin marasa wayo. Akwai gaskiya mai yawa a nan, kuma ita ce ma ke ƙarfafa abin da nake faɗa. Wasan Bafulatani da Babarbare ya yi ƙarni yana kashe wutar gaba saboda ana yin sa gaba da gaba, kowa yana da bakin ramawa, in an tashi kuma a ci abinci tare. Da aka ɗauke shi aka sa a faifai, sai ya zama gefe guda ke magana, ɗaya gefen yana kallo ba shi da damar amsawa. Wasa ya koma tambari da ake manna wa ƙabila. A Zamfara ta yau, bayan fiye da shekara goma ana zubar da jini, ana kuma ƙoƙarin mayar da rikicin na Hausawa da Fulani, ɗan gajeren bidiyo da ke nuna kowane mai sanda da malfa a matsayin ɓarawon daji ba wasa ba ne ko kaɗan. Ɗan kaman da ke tsaye a kasuwar Talata Mafara ba zai yi shi ba, domin masu sayar da nono da masu shanu suna cikin waɗanda za su ba shi kyauta, kuma da su zai bi hanya guda zuwa gida. Yaron da ke ɗauka da waya a ɗakinsa ba ya ganin kowa, adadin waɗanda suka kalla kawai yake gani, kuma ya riga ya gane cewa cin mutunci ya fi saurin tara su.

Ba ina cewa wayar ba ta kawo alheri ba. Ta cire shingen gado da na jari. Yaro a Bakura ba ya buƙatar furodusa a Kano kafin a san shi, mata da ba su da wuri a da'irar 'yan kama sun sami murya, kuma wasu daga cikin masu wasan suna taɓa tsadar taki da rashin albashi da alƙawuran 'yan siyasa da basirar da Ɗanƙwairo ma zai yaba. Bosho da Daushe da Naburaska da sauran waɗanda suka yi zamani da Ibro sun ci gaba da aiki, sababbi kuma suna fitowa kullum. Basira ba ta ƙare ba. Abin da babu shi ne wurin da za a goge ta a gaban mutane. A kudancin ƙasar nan, tun da su Ali Baba suka mayar da tsayuwa da makirufo sana'ar da ake biya, Opa Williams kuma ya fara taron Nite of a Thousand Laughs a 1995, mai barkwanci yana koyon aikinsa ne a gaban jama'ar da ke iya yi masa shiru ko ihu nan take. Haka abin yake a Amurka da Ingila. Wannan salo da ake ɗauka baƙo ne, shi ne ɗan kama ya yi ɗaruruwan shekaru yana yi a ƙofar gidanmu, mu muka sake shi a daidai lokacin da wasu ke gina masa zaure.

A yankinmu rashin tsaro ya ƙarasa abin da kaset ya fara. Taron dare ya zama haɗari, biki ya koma na gaggawa, kalankuwa ba ta yiwuwa a garin da ake biyan kuɗi kafin a girbe gona. Bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, da aka sace ɗaliban Kaya ta Maradun a farkon Satumba kuma aka katse layukan waya a faɗin jihar. A waɗancan makonni tsohon filin da sabon duk sun kasance a rufe. Wani zai ce mutanen da ke binne 'yan'uwansu ba su da lokacin zancen dariya, kuma neman filin wasa a irin wannan hali rashin sanin ciwon kai ne. Ina ganin akasin haka. Al'ummar da tsoro ya rufe wa baki ta fi kowa buƙatar mutumin da aka yarje wa ya buɗe nasa. Akwai abubuwan da kowa ya sani a garuruwanmu, game da masu kai rahoto daji, da masu cin riba da rikicin, da manyan da ba a ganinsu sai lokacin zaɓe, waɗanda ba mai iya faɗarsu kai tsaye ya kwana lafiya. Kakanninmu sun tanadi hanyar faɗar irin wannan ba tare da an kira suna ba, a gaban kowa, cikin dariya, ta yadda mai laifi zai ji kunya ba tare da an ba shi dalilin ɗaukar fansa ba. Ba ta maye gurbin jami'an tsaro ko kotu, amma gari da ba shi da ita, gulma da jita-jita ne ke cike gurbin, su kuwa ba su da linzami ko kaɗan.

Gyaran ba ya hannun hukumar tacewa, domin ita abin da ta iya shi ne hanawa, kuma an gwada hanin a kan Ibro bai rage masa masoyi ko ɗaya ba, bai kuma tsabtace abin da ya biyo baya ba. Yana hannun waɗanda ke da ikon tara jama'a cikin aminci. Sarakunan Talata Mafara da Bakura da Maradun suna da filin Sallah, kuma babu abin da zai hana a ware wa masu barkwanci lokaci a cikinsa, tsofaffi da matasan waya, su tsaya a gaban sarki da malamai da talakawa, Hausawa da Fulani, su yi wasansu inda za a iya yi musu dariya kuma a iya ce musu ya isa. Masu mulki kuma su koyi abin da sarakunan da suka riƙe Ɗanƙwairo suka sani, cewa haɗiye zambo ba ya rage girma. Akwai kuma aikin da ba zai jira zaman lafiya ba. 'Yan kama da 'yan gambaran da suka rage a ƙauyukanmu tsofaffi ne, kuma 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'i. Ina kira ga masu nazarin Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da ɗaliban kwalejin Abdu Gusau da ke nan Talata Mafara, da gidan rediyon jiha, su neme su tun suna da rai, su ɗauki muryoyinsu da hotunansu, su tambaye su yadda suka koyi aikin da inda suke tsayawa, su kuma biya su haƙƙinsu.